Mai Igiya Ya Daina Tsalle

A ƙarƙashin gadon Auta ne Yaya ta sami akwatin gem ɗin, irin wasan nan da ake haɗawa da talabijin, cikin wani tsohon kwali, an danne shi da takalman ƙwallo da guntayen waya. Kayan mamacin take rabawa, na bayarwa gefe guda, waɗanda Mama ta ce a bar mata gefe guda, kuma tun safe take aikin ido a bushe. Ta ninke rigunan ƙaninta ba ta yi kuka ba. Ta ɗauki bel ɗin da yake ɗaurawa in zai hau rufin mutane ya kafa musu eriya, shi ma ta ajiye kamar ba komai. Sai da ta ɗago wannan baƙin akwatin, wayoyi na reto a jikinsa, sannan ta zauna daɓas a ƙasa.

Kowa a gidan Yaya yake ce mata, har Mama da ta haife ta, don Auta ne ya fara kuma sunan ya bi bakin kowa. Su biyu ke nan wurin Mama. Shi Auta tun yana rarrafe hawa ya sa a gaba: katanga, bishiya, tankin ruwa, duk abin da ya fi shi tsawo sai ya ga samansa. Mama ta ƙarar da ƙuruciyarta kai a sama tana cewa, "Sauko nan, ja'iri!" Da ya girma sai ya mai da hawan sana'a, kamar da gangan don ya ƙarasa ta da hawan jini. Kuma bai taɓa faɗowa ba. Zazzaɓi ne, irin wanda kowa ke cewa na kwana biyu ne, ya kwantar da shi a gado ya tafi da shi. Yaya kuwa a shagon magani take aiki, kullum tana miƙa wa baƙi maganin irin wannan zazzaɓin suna warkewa, shi ya sa har yau abin bai daina yi mata ciwo ba.

Gem ɗin da ke cikin akwatin ba wanda ya san shi. Ka tambayi duk mai ji da kansa a harkar, zai jero maka na ƙwallo da na dambe da na tseren mota, amma da ka kwatanta masa wannan sai ya taɓe baki. Sunansa na kan faifai dogo ne, da yaren da ba su iya ba, don haka Fitila suke ce masa. Babansu ne, Allah ya jiƙansa, ya tsinto faifan cikin tarin waɗanda mai shago ya gaji da gani, ya haɗo musu da tsohon akwati da guda biyu na abin riƙewar nan mai maɓallai, wanda yara ke kira hannu.

Labarin ciki ba shi da wuya. Wani tsohon birni ne duhu ya haɗiye, a tsakiyarsa akwai doguwar hasumiya da wutar samanta ta mutu, kuma mutum biyu suka ɗauki alkawarin hawa su kunna ta. Ɗaya mace ce doguwa, fitila a hagu, takobi a dama. Ɗaya wani gajere ne mai igiya a kafaɗa. Ita ke faɗa da tsuntsayen ƙarfen da ke rububin kashe fitilar, shi kuma ya haye bango, ya tsallake rami, ya ɗaura igiya ta bi ta wuce. Ba sai an gaya maka wa ya ɗauki wa ba. Yaya ta riƙe hannu na ɗaya ta zama Mai Fitila, Auta ya fizgi na biyu ya zama Mai Igiya, kuma ba su taɓa musanya ba.

Abin da ya kashe wa gem ɗin kasuwa shi ne yawancin masu sayensa su kaɗai suke bugawa. In babu kowa a hannu na biyu, na'ura ce ke tuƙa Mai Igiya, kuma a sabon faifai ba ya iya komai. Tsayawa yake yi ƙiƙam kamar an dasa shi, tsuntsaye na yagar abokiyarsa yana kallo. Mutane suka zage shi tas, suka mayar da faifan, kamfanin da ya yi shi ma bai daɗe ba ya rufe. Ni dai har gobe ina jin haushin masu wannan kamfani, don sun ƙera abin mamaki suka kasa rubuta shi da manyan baƙaƙe a bayan kwali. Mai Igiya koyo yake yi. Duk yadda mai hannu na biyu ke tafiya, da saurinsa da tsoronsa da rashin jinsa, yana kwashewa yana ajiyewa a ɗan memorin da ke maƙale a akwatin. Ranar da mutumin ba ya nan, sai ya yi abin da ya ga ana yi.

Su ma tsintar abin suka yi. Wata rana aka aiki Auta, Yaya ta ce bari ta ɗan taɓa ita kaɗai kafin ya dawo. Suna isa bakin wata ƙofa sai Mai Igiya ya tsaya, ya yi juyi a wuri ɗaya, sannan ya shiga. Auta ne ke wannan shirmen a kowace ƙofa, ba don komai ba sai don ya ɓata mata lokaci. Yaya ta dubi hannu na biyu a kan tabarma ba kowa kusa da shi, ta ƙwala ihu ta yi waje ba takalmi. Da Auta ya dawo ya ji labari, dariya ya yi har da birgima. Daga ranar ya shiga koya wa Mai Igiya duk wani iya shege da ya sani. Ya koya masa fasa kowace tukunya ko da babu komai a ciki. Ya koya masa, in an zo bakin rami, ya je can ƙarshe, ya juya wa ramin baya, ya dubi Mai Fitila, ya rusuna mata kamar mai gaida manya, sannan ya yi tsalle da baya.

Sun kuma gano ɗaya fuskar abin, kuma ba da daɗi ba. Wani hutu abokin Auta, wanda ake ce wa Dogo, ya laƙe a gidan yana buga hannu na biyu duk lokacin da Auta ya fita. Dogo matsoraci ne na ajin farko. Kafin hutun ya ƙare Mai Igiya ya koma laɓewa a bayan ginshiƙi, ya manta juyi, ya manta gaisuwa. Sabon koyo tsohon yake turewa, kuma gem ɗin ba ya tambayar kowa: da an zauna bakin wutar hutawa, inda ake yada zango a cikin wasan, ya ajiye abin da ya koya, ba komawa baya. Auta ya yi kuka, ya yi gaba da Dogo, ya daɗe yana wanke Mai Igiya kafin ya dawo da shi hayyacinsa. Tun daga nan doka ta kafu a gidan, ba mai taɓa hannu na biyu sai mai shi.

Sun kai wutar hutawa ta ƙarshe, a saman hasumiya. Abin da ya rage ƙofa ɗaya ce, bayanta karyayyiyar gada, bayan gadar kuma babbar fitilar. Sai akwatin ya soma ɗaukewa da kansa, karatu ya ja Yaya, aure ya ɗauke ta, auren ya mutu ta dawo gida da aiki a wuya, shi kuma Auta kullum yana kan rufin wani. Lokaci zuwa lokaci yakan leƙo ɗakinta ya ce, "Yaya, mu kai akwatin nan gyara mu ƙarasa Fitila mana." Ita kuma ta ce, "Sai na samu hutu." Hutun nata ya zo ya wuce ba adadi.

Washegarin ranar da ta tsinci kwalin ta kai shi wurin mai gyara, wani mutum mai ƙaramin shago cike da gawarwakin rediyo da talabijin. Ya juya akwatin ya hura masa iska, ƙura ta tashi.

"Anti, wannan ai ya girmi shagona," in ji shi. "Ki bar shi, in nuna miki na zamani."

"Shi nake so. Kuma don Allah, Malam, ka ga ɗan memorin nan? Ko me za ka yi, kada ka goge abin da ke ciki."

Ya dubi fuskarta, bai ƙara wasa ba. Da ta koma karɓa ya yi mata bayani yana nunawa da tsinken sukurdireba. Akwatin ya tashi. Ramin da ake soka hannu na biyu tsatsa ta cinye shi, don haka ya liƙe wayar a ciki da dalma, ba za ta ƙara ciruwa ba. Memorin kuma ya gwada kwafa mata a wani don ajiya, ya ƙi, masu gem ɗin sun kulle shi.

"Abin da ke cikin nan, nan kaɗai yake a duniya," ya ce. "Ki lallaɓa shi."

Ranar hutunta da hantsi ta haɗa wayoyin a talabijin ɗin falo. Mama na kan kujera tana tsince wake a faranti, ta ɗago ta harari akwatin.

"Wannan akwatin shaiɗan ɗin kika kwaso mini? Bai ishe shi ba abin da ya cinye muku na karatu?"

Yaya ta danna maɓallin kunnawa. Kiɗan farko ya tashi, siririn kiɗan nan da ta ɗauka ta manta, sai ga shi tana binsa a zuci tun kafin ya kai. Duhu ya yaye. Ga wuta na ci, ga Mai Fitila zaune inda ta bar ta tun tana 'yar makaranta, ga Mai Igiya a gefe. Hannu na biyu na kan tebur, ba kowa kusa da shi.

Mai Igiya ya miƙe. Ya je ya fasa wata tukunya da ke jingine da bango, babu komai a ciki, ya fasa ta kusa da ita. Ya ruga bakin ƙofa, ya ja birki, ya yi juyi. Ya fita kan karyayyiyar gada har inda katako ya ƙare, ya juya wa duhun baya, ya dubo su, ya rusuna.

"Sauko nan, ja'iri!"

Mama ce. Maganar ta fita kafin ta san ta yi ta. Farantin ya zame daga cinyarta, wake ya watse har ƙarƙashin kujera, ba wadda ta dube shi. Mai Igiya ya yi tsallensa da baya, ya yi 'yar ƙara, duhu ya haɗiye shi. Can sai ga shi ya sake bayyana a bakin wuta yana kaɗe jiki, ya nufi tukwane.

"Waye ke motsa shi?" Mama ta tambaya da wata murya ƙasa-ƙasa.

"Ba kowa, Mama. Yadda Auta yake yi ne ya haddace."

"To me ya sa ya faɗi?"

"Sai na ɗaga masa fitila yake ganin ɗaya gefen. In ban ɗaga ba, faɗawa yake yi ya dawo. Ba ya jin komai."

Mama ta daɗe tana kallo. Da ya sake yin juyin nan a bakin ƙofa sai ta yi dariya, irin wadda ba a ji daga bakinta ba tun ranar rasuwar, dariyar kuma ta zarce da kuka. Yaya ta matso ta rungume ta, suka yi abinsu tare, Mai Igiya na can yana ta fasa tukwanen mutane.

Yaya ba ta ƙarasa gem ɗin ranar ba. Gadar na nan, ɗaga fitila kawai za ta yi ya tsallaka ya ɗaura igiya, amma ta san in suka kunna babbar wutar labari ya ƙare, ita kuma ba ta shirya ba. Ta fi so ta san yana nan a falo, bai gama abin da yake yi ba.

Da safe tana shirin fita sai Mama ta ce, ba tare da ta dube ta ba, "Ki kunna mini shi kafin ki tafi."

Yaya ta kunna, ta zaunar da Mai Fitila bakin wuta, ta bar Mai Igiya da yawonsa. Ta nuna tebur.

"Mama, abu ɗaya. Wannan hannun na biyu..."

"Ke, rufa mini asiri! Ni da tsufana zan ɗauki abin wasan yara? Ko a mafarki. Yi tafiyarki kada ki makara."

Yaya ta yi dariya ta ɗauki jaka. Matar da ko tashar rediyo ba ta iya canzawa sai ta kira mutum, matar da ta sha ɓoye wannan akwatin a cikin kwandon wanki, ina ita ina hannun gem? Bayanin ya zo mata har baki, ta haɗiye shi, don a ganinta ɓata yawu ne.

Lokacin damina ne, zazzaɓi ya cika gari, shagon magani ba masaka tsinke. Yaya na fita da sassafe, ba ta dawowa sai yamma liƙis, ƙafafu a kumbure. Kullum takan tarar Mama ta kashe talabijin ta lulluɓe akwatin da ɗankwali don ƙura. Mama ta soma cin abinci sosai. Ta daina zama a ɗakin Auta ƙofa a rufe. Har labari take ba Yaya, "Yau ɗan banzan nan bai bar tukunya ko ɗaya ba," kamar mai kawo ƙarar jika. Yaya ta gode wa Allah, ta ce a ranta ashe maganin da ya fi ƙarfin shagonsu yana ƙarƙashin gado.

Ta lura hannu na biyu ya yi fes, maiƙon da ya daɗe a jikin maɓallansa ya fita, wayar kuma wani lokaci tana kan hannun kujerar Mama. Ta ɗauka goge-gogen Mama ne. Ita a wurinta faɗuwar Mai Igiya abin dariya ce, don ta san wanda ya koya masa, ta san yadda yake ƙyalƙyalewa in ya yi. Ko sau ɗaya ba ta tsaya ta tambayi kanta yadda uwa za ta ji ba, a bar ta ita kaɗai a falo tana kallon ɗanta yana faɗawa rami daga safe har yamma.

Da aiki ya lafa aka ba ta hutu. Ta tashi ranar da wani irin sanyin zuciya, ta ji ta shirya. Ta yi wanka, ta share falo, ta jawo tabarma gaban talabijin yadda suke yi da, ta kira Mama.

"Zo ki gani, yau ni da Auta za mu kunna fitilar."

Mama ta zo ta zauna tana murmushi, irin na wanda ya ɓoye albishir.

Kiɗa ya tashi. Ga wuta, ga Mai Fitila, ga Mai Igiya zaune. Yaya ta jira ya miƙe ya nufi tukwane. Bai miƙe ba. Tukwanen na jere a jikin bango lafiya ƙalau. Ta tayar da Mai Fitila ta nufi ƙofa, sai ya tashi ya biyo ta a hankali, kamar mai taka ƙwai. A bakin ƙofa ta tsaya ta ba shi wuri. Ya wuce sumul, bai juya ba.

Yaya ta ƙura wa talabijin ido. Ta ce wa kanta wataƙila faifan ne ke sarƙewa. Ta fita kan gada, ta je ƙarshen katako, ta ɗaga fitila sama. Haske ya buɗe, ga ɗaya gefen nan ƙiri-ƙiri, ga ƙugiyar da za a ɗaura igiya, ga babbar fitilar tana jira. Ta danna maɓallin kira. Mai Igiya ya tako, ya tako, da ya rage kaɗan ya kai baki sai ya tsaya. Ya ja da baya. Ta sake kira, ya sake matsowa, ya sake ja da baya. A na gaba ma bai wahalar da kansa ba, juyawa ya yi ya koma ta ƙofar, ya zauna bakin wuta ya naɗe ƙafa. A kusurwar talabijin ɗan hoton memori ya yi ƙyaf-ƙyaf, alamar an ajiye.

"Kin gani ko?" in ji Mama, muryarta cike da alfahari. "Na hana shi."

Yaya ta juyo a hankali.

"Da wuya fa na gane kan abin," Mama ta ci gaba. "Ranar farko ban taɓa ba, wallahi. Amma yaron nan ya faɗa, ya dawo, ya faɗa, ya dawo, har na ji kaina na juyawa. Washegari na ce bari dai in riƙe abin da hannunsa ya riƙe. Sai na ga in na ja ɗan ƙullutun nan baya da yatsa, shi ma sai ya dawo. Da farko gardama yake yi mini, kin san halinsa, da na saki sai ya ruga. Ni kuma na ce yau ka gamu da ni. Ina zaune a nan, ya tashi in mayar da shi, ya tashi in mayar da shi. Tukwanen mutane ma na hana shi fasawa. Yanzu ko ban riƙe ba, ba ya zuwa."

Yaya ta dube ta. Ta so ta yi ihu. Ta so ta ce, Mama, wannan gardamar da kika murƙushe ita ce ragowarsa a duniya, ita kaɗai, mai gyara ma ya kasa kwafarta. Ta buɗe baki, sai idonta ya sauka a hannun Mama da ke kan cinya. Babban yatsan ya yi ja, ya kumbura, fatar gefensa ta saɓule ta soma warkewa. Makonni tsohuwar nan ta yi tana jan ɗanta daga bakin rami da yatsa ɗaya.

"Duk rayuwarsa," Mama ta ce tana kallon talabijin, "ban taɓa cewa sauko ya sauko ba. Sai yanzu."

Yaya ta rufe bakinta. Laifin wa za ta gani? Ita ce ta san dokar, ita ce ta haɗiye bayanin. Ta ajiye hannu na ɗaya a kan tabarma, ta ce, "Sannu, Mama," kuma ba ta san yadda aka yi muryar ta fita daidai ba. Ranar da aka yi rasuwar ta yi kuka, ranar da ta tsinci kwalin ta yi, amma wannan ya fi su zafi, don a gabanta ya sake tafiya kuma ba ta da wanda za ta gaya wa.

Suka zauna suna kallon Mai Igiya yana kallon wuta. Murmushin Mama ya daɗe, sannan ya soma raguwa. Ta gyara zama.

"Amma Yaya, kwana biyu bai yi mini gaisuwar nan tasa ba. Juyin nan ma na bakin ƙofa ya daina. Ko fushi yake da ni?"

"Ba fushi ba ne, Mama."

"To me ya same shi? Ni faɗawar kawai na hana shi. Ban ce ya daina wasansa ba."

"Gajiya ce. Zai yi."

"Yaushe?"

"Gobe," in ji Yaya. "Gobe zai yi miki."

Da gari ya waye, Mama na kicin tana ɗora ruwan shayi, Yaya ta shiga falo ta yaye ɗankwalin, ta kunna akwatin, ta rage murya. Ta daɗe tana kallon hannu na biyu. Tun suna yara ba ta taɓa ɗaukarsa ba, ko ranar da suka yi faɗa. Ta ɗauka. Ya fi nata sauƙi, kuma gefen da tafin Auta ya sha gogewa ya yi santsi.

Ta san abin da za ta yi ba dawo da shi ba ne. Duk abin da Mai Igiya zai koya daga yau nata ne, ita ce za ta riƙa kwaikwayon ƙaninta a ɓoye kowace safiya, shi kuma ya kwaikwaye ta, Mama ta kalla ta yi dariya ta ce ja'iri. Ta yarda da hakan. In dai Mama za ta ci gaba da cin abinci, ta yarda.

Ta tayar da shi daga bakin wuta. Ta kai shi wurin tukwane ta fasa ɗaya, ta fasa ta kusa da ita, wannan ba wuya. Ta ruga da shi bakin ƙofa, ta ja birki daidai inda Auta ke ja, ta ɗora yatsa a kan ƙullutun don ta yi juyin.

Sai ta tsaya. Ta hagu yake juyawa ko ta dama?

Ta gan shi yana yi tun tana yarinya, a kowace ƙofa ta wannan hasumiya, tana zaginsa tana cewa ya wuce su tafi. Makonni kaɗan da suka wuce ma ta gani a nan falon. Ta rufe ido ta nemo Auta, ta ga ƙeyarsa, ta ga yadda yake karkata kafaɗa yana cije leɓe, ta ji dariyarsa, amma juyin ya ƙi zuwa. Ba ta taɓa riƙe shi a ka ba, don akwai mai riƙe mata.

Daga kicin Mama ta ɗaga murya, "Yaya, kin kunna mini shi?"

"Na kunna, Mama."

"Ya tashi?"

Yaya ta dubi talabijin. Yatsanta na kan ƙullutun, hawaye na ɗiga a kan maɓallan da Mama ta goge fes. Mai Igiya na tsaye a bakin ƙofa, igiya a kafaɗa, yana jiran a gaya masa ta inda zai juya.